Ni ce na fara cewa shi infoma ne

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina son in rubuta abin nan amma duk sanda na ɗauko waya na fara sai jikina ya yi sanyi in goge, yau dai na ce ko me zai faru sai na fitar da shi daga cikina, ƙila wata ko wani ya karanta ya tsaya kafin ya kai inda na kai. Ba zan kama sunan kowa ba, wanda ya gane mu don Allah ya rufa mana asiri.

Ni haifaffiyar cikin garin Katsina ce, ta wajen Ƙofar Yandaka gidanmu yake. Baba ɗan kasuwar hatsi ne, yana kuma da gona a hanyar Batsari wadda ya gada. Tun ina ƙarama Allah ya jarabce ni da son karatu, littattafan Hausa na haya da ake bayarwa a shagon bakin layinmu da wuya ka samu wanda ban karanta ba, Mama ta yi faɗa har ta gaji, kullum Baba ne mai tare mani, ya ce ku ƙyale ta, mai karatu ba ya yawo. Shi allo ya yi sai kasuwa, amma ranar da na samu gurbin karanta Turanci a jami'a har maƙwabta sai da ya aika wa goro.

Ina aji biyu muka daidaita da wanda zan aura. Gyaran waya yake yi, yana da POS a shagon, iyayenshi mutanen wani ƙauye ne ta can yamma amma shi a birni ya tashi. Mutum ne mai shiru-shiru, idan ya zo zance rabin lokacin ni ke surutu shi yana murmushi. Baba na da ciwon suga, to shi ke tuna mashi ranar komawa asibiti, shi ke sawo magani ya kawo har gida ya ƙi karɓar kuɗi. Manya suka shiga magana, aka sa rana bayan kaka.

A watan Agusta na 2021 Baba ya tafi gona ya kai wa 'yan aiki kuɗinsu, bai dawo ba. Kwana biyu muna kiran wayarshi a kashe, a na uku ta shigo da kanta. Kawu ne ya ɗauka ya sa a sifika, muna falo ni da Mama da Yaya da gwaggonmu, kuma wallahi muryar yaro ce, ba zai wuce sa'ar ƙanena ba. Miliyan 20 suka fara cewa. Kawu ya shiga rantsuwa yana cewa talakawa ne mu, sai yaron ya katse shi: "Kai tsoho kar ka raina mana hankali, mun san ya sayar da wake kwanan nan, mun san filin da yake da shi a bayan gari, mun san ɗiyarshi na jami'a aure za a yi mata bayan kaka." Falon ya yi tsit, kowa ya juyo ya kalle ni. Da aka kashe wayar Kawu ya cire hula ya ɗora a gwiwa ya ce, akwai na gida a cikin maganar nan.

Ba zan ja ku da tsawon cinikin ba, wanda aka taɓa ɗaukar wa mutum ya san shi, wanda ba a taɓa ba Allah ya tsare shi. An sayar da filin, Mama ta fitar da 'yan kunnenta, wanda zan aura ya sayar da babur ɗinshi ya kawo kuɗin cikin leda, aka haɗa miliyan 3 aka kai. Suka karɓa suka ce sai an ƙara da babur sabo da katin waya. Muna cikin neman na babur ɗin, a watan Satumba gwamnati ta katse layin waya a ƙananan hukumomi 13 har da Batsari da Jibiya da Safana, an riga an hana sayar da fetur a jarka, duk don a toshe wa 'yan bindiga da infomominsu hanya. Mu dai abin da muka sani shi ne waya ta daina shigowa. Sati biyar babu labari. A Oktoba wata lambar Nijar ta kira Kawu aka ce tsohonku ya mutu, aka kashe. Ba gawa, ba kabari, Mama ta shiga takaba a kan maganar da ba ta kai minti ɗaya ba.

Aka ɗaga biki. Na koma makaranta jiki kawai, ina zama a lakca ban san me ake cewa ba. Daf da za a shiga yajin aikin malaman jami'a na 14 ga Fabrairu 2022, wani malaminmu ya ba mu aiki, kowa ya zaɓi littafin Turanci irin wanda mutane ke karantawa don nishaɗi ya rubuta shafi goma a kan abu uku, yadda aka nuna zubar da jini a ciki, abin da marubucin ya halatta wa jaruminshi, da yadda aka saka soyayya. Na tsaya wurin wani mai shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa na ɗauki wani na leƙen asiri mai kauri, bangon baya ya yage, naira 500. Sai aka rufe makaranta muka dawo gida, lokacin Mama ta fita takaba ke nan, gidan ya yi shiru, masu zuwa gaisuwa sun ɗauke ƙafa. Ni kuma barci ya ƙaurace mani. Da daddare in an ɗauke wuta sai in shiga cikin gidan sauro in kunna fitilar waya in buɗe littafin.

Labarin a Jamus yake, zamanin da ƙasar ke rabe biyu, Gabas da Yamma, katanga kuma ta raba birnin Balin. Akwai wani jami'i da ke farautar 'yan leƙen asirin ɗaya ɓangaren, shi ne jarumin, akwai kuma wani kyakkyawan mutum da aka turo da sunan ƙarya ya nemi wata sakatariya mai aiki a ma'aikatar gwamnati don ta riƙa ɗauko mashi takardu. A tsakiyar littafin jarumin ya kama wani ɗan aike ya kai shi ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya ɗaure shi a kujera, ya riƙa danna kanshi cikin bokitin ruwa yana ɗagowa yana tambaya, har ya faɗi sunan wanda ake nema, kuma sunan ya zama daidai. Zan faɗi gaskiya tunda don ita na zauna rubutun nan, sau uku na karanta wurin a dare ɗaya kuma daɗi na ji. Wani sanyi na ji a ƙirjina wanda rabona da shi tun Agusta. Fuskar da nake sa wa ɗan aiken ita ce ta yaron da ya kira Kawuna tsoho, duk da ban taɓa ganinshi ba na ƙera mashi fuska, ina ganin ruwan na fita ta hancinshi. Ni da ko yankan kaza ba na iya tsayawa in kalla. In idar da sallar asuba in roƙa wa Baba rahama, in ninke sallaya in koma shafin.

Akwai kuma inda jarumin ya san za a kashe wani yaro da ke kawo mashi labari, yana da halin ya gargaɗe shi amma ya yi shiru don kar asirin aikinsu ya tonu, shugabanshi ya nuna mashi cewa rai ɗaya ba komai ba ne in za a tsirar da dubu. Na ɗauko biro na ja layi a ƙarƙashin wurin, a gefen shafin na rubuta da Hausa, daidai ne. Har yau rubutun na nan da hannuna.

Amma abin da ya kashe ni shi ne soyayyar. Mutumin nan da aka turo bai zo wa sakatariyar da kuɗi ko barazana ba, da kulawa ya zo mata. Ya lura ita kaɗai ce ba ta da kowa sai uwarta marar lafiya, sai ya zama shi ke raka su asibiti, shi ke tuna lokacin magani, ba ya yawan magana, saurare yake yi. Na kai nan na ajiye littafin a kan cikina ina kallon rufin ɗaki, zuciyata na bugawa kamar za ta fito. Na ce wa kaina ai ƙirƙira ce, labari ne. Washegari na sa data na shiga intanet don in tabbatar ƙarya ce, sai na tarar abin ya faru da gaske. Hukumar leƙen asirin Jamus ta Gabas da ake kira Stasi, ɓangarenta na waje ƙarƙashin wani Markus Wolf, ta riƙa tura maza birnin Bon su yaudari sakatarorin ma'aikatu da soyayya, har laƙabi aka yi masu, 'yan Romiyo. Katangar da aka gina a 1961 ta faɗi a 1989, a 1992 aka ba mutane dama su je su karanta fayil ɗin da aka tara a kansu, wasu suka tarar aminansu ne ke kai rahotonsu, har akwai matar da ta gano mijinta ne uban 'ya'yanta. Hukumar na da masu kai mata tsegumi a ɓoye fiye da 170,000 a ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 17 ba. Na karanta wannan na ce to in Turawa da suke da komai miji zai iya sayar da matarshi, ina ga mu da yunwa ta yi wa katutu.

Daga ranar na daina ganin wanda zan aura da idona, da idon littafin nake ganinshi. Na samu bayan wani tsohon littafin lakca na fara rubutawa. Wayoyi uku gare shi, ga layuka barkatai a cikin durowa, alhali duk mai gyaran waya haka yake amma lokacin ban ga haka ba. Yana tashi ya koma gefe in an kira shi daga ƙauye. Kuɗin waken da Baba ya sayar ta POS ɗinshi aka turo wani kaso, shi ya ƙirga. Ya san ranar da Baba zai je gona don shi ya kai mashi magani daren. Babur ɗin da ya sayar ma na mayar da shi hujja, na ce don ya rufe sawu ne, ai zai samu kasonshi a cikin miliyan ukun. Duk alherin da bawan Allahn nan ya yi mana sai da na juya shi ya koma laifi, in ya zo ya yi shiru in ce yana naɗar magana, in ya tambayi jikin Mama in ce yana auna abin da ya rage mana. Azumi ya zo ya kawo kayan shan ruwa, na ƙi ci na ba almajirai. Ya tambaye ni ko ya yi mani wani abu, na ce babu komai, shi kuma ya ɗauka maraici ne ke damuna sai ya ƙara kulawa, ni kuma ƙarin kulawar na ƙara tabbatar mani.

Kuma ku tuna yanayin da ake ciki a Katsina lokacin. Ko'ina zancen infoma ake, a guruf-guruf na WhatsApp kullum sai an turo bidiyon wani a ɗaure ana tambayarshi yana amsawa, wani mai kai masu burodi, wani mai kai fetur, wata mai kai labari. Infoma gaskiya ne akwai su, ba na musun wannan ko yanzu, sun ci amanar garuruwa da yawa. Amma kalmar ta zama wuta, in aka liƙa wa mutum ita ko bai mutu ba ya gama zama cikin mutane.

Bayan ƙaramar Sallah da kwana kaɗan, Yaya na zaune a ƙofar kicin yana shan koko ni ina wanke-wanke, Mama ta shiga maƙwabta. Ban juyo ba na ce, "Yaya, kai ba ka taɓa zama ka yi tunanin wa ya san zancen waken nan ba?" Ya ce me kike nufi. Na ce, "Ni dai ban ce komai ba, amma ka tuna a wurin wa aka cire kuɗin, ka tuna wa ya zo daren da Baba zai tafi." Na ji ya ajiye kofin a ƙasa a hankali. Ya ce, "Ke kin san abin da kike faɗa kuwa?" Sai na shiga ɗaki na ɗauko mashi takardar da na rubuta. Ya karanta a tsaye, ya ninke ta ya sa aljihu ya fita bai ƙarasa kokon ba. Na san halin Yaya, na san tun Oktoba yake neman wanda zai huce a kanshi, na san abokanshi. Ba zan yi wa Allah ƙarya in ce ban san abin da zai biyo baya ba. Ina ɗaurayar kwanuka ina jin kaina kamar jarumin nan da ya yi abin da ya zama dole.

Bayan isha'i suka same shi yana rufe shago, su huɗu, suka ce ya zo ana magana, suka kai shi wani kango. Sun bincike wayoyin kaf ba su samu komai ba sai hotunana da saƙon kwastomomi, amma duk da haka suka doke shi da wayar wuta da gora suna cewa ya faɗi nawa aka ba shi. Yaya ya gaya mani daga baya cewa abu ɗaya ya yi ta maimaitawa, Baba ubana ne, Baba ubana ne. Wani ya mare shi a kunnen hagu har jini ya fito. Da suka gaji suka bar shi nan.

Da safe labari ya riga ya zaga unguwa. Mama ta kira mu ɗaki ta rufe ƙofa, ban taɓa ganin fuskarta haka ba ko ranar da aka ce Baba ya rasu. Ta tambayi Yaya, kun samu wani abu, ya ce a'a amma irinsu ba sa barin shaida. Ta juyo wurina ta ce, "Ke da idonki kika gani ko da kunnenki kika ji?" Na ce Mama ai alamu sun nuna. Ta ce, "Alamu. Duk Islamiyyar da ubanki ya biya maki ba a kai ki Hujurati ba? Ba a ce ku nisanci yawan zato ba, ba a ce kar ku yi bin diddigin asirin juna ba, ba a ce in labari ya zo ku tabbatar kafin ku cuci mutane cikin jahilci ku wayi gari kuna nadama ba?" Ta fashe da kuka ta ce an kashe mani miji yanzu kuma 'ya'yana sun zama masu ɗaure mutane a kango. Wallahi ko a lokacin zuciyata ba ta karaya ba, gani nake Mama ce ba ta san duniya ba.

Bai kai ƙara ba. Saƙo ɗaya ya turo mani, Allah ya sani, shi ke nan. Danginshi suka zo aka warware magana aka mayar masu da kayansu. Shagon kuma ya mutu, wa zai kai wayarshi gyara wurin wanda aka ce infoma ne, mai shagon ya ce ya tashi, yara na nuna shi a hanya. Cikin wata ɗaya ya tattara ya koma Daura wurin wani ɗan uwansu.

Bayan babbar Sallah, cikin Yuli, wani dattijo ya yi sallama a ƙofar gidanmu yana dogara sanda, ɗanshi na riƙe da shi. Ya ce tare aka kama su da Baba a hanya, sarƙa ɗaya aka ɗaure ƙafarsu, shi ya fito daga baya amma ƙafafun sun lalace aka wuce da shi Maraɗi wurin 'yan uwa ana magani, sai yanzu ya iya takawa. Aka shimfiɗa mashi tabarma a tsakar gida, Kawu ya zo, ni ina bakin ƙofar ɗaki a bayan labule. Ya ciro wata hula daga aljihu duk ta dafe ya miƙa wa Mama ya ce, Hajiya ga amanar da na iya riƙowa. Ya ce a hannunshi Baba ya cika da kalmar shahada, rashin maganin suga ne ya kayar da shi, kuma su suka haƙa rami da itace suka rufe shi suka yi mashi sallah. Mama ta ce Alhamdulillahi, ashe an yi mashi sutura.

Sai Kawu ya yi tambayar da ke cin kowa, ya ce Malam, wa ya nuna shi, don sun san sirrinshi kaf. Dattijon ya girgiza kai ya ce babu wanda ya nuna kowa, hanya suka tare, duk wanda Allah ya kawo suka kwasa, har mai keken itace. Ya ce, "Sirri kuma da bakinshi ya faɗa, kamar yadda ni ma na faɗi nawa. Kowa sai an kwantar da shi an doke shi an ce ya lissafa abin da ya mallaka. Alhaji ya daure kwana biyu, a na uku ya faɗi wake ya faɗi fili. Ni da duka ya yi duka har shanun da ban da su na ce ina da su, don dai a ɗaga mani." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Zancen ɗiyar kuma roƙo ne ya yi da shi. Ya ce ku yi mani rai, ina da ɗiya a jami'a zan aurar da ita bayan kaka, ku bar ni in ga ranar. Kullum da dare zancenta yake mani, ita da yaron, ya ce Allah ya ba shi suruki ɗan albarka mai sawo mashi magani. Halan an yi bikin?"

Babu wanda ya amsa mashi. Ni dai na san na riƙe labulen, daga nan ban san komai ba sai farkawa na yi a asibiti da ƙarin ruwa a hannu.

Na yi wata biyu ba ni da lafiya, abinci ba ya zama, na rame har zobe na faɗuwa daga yatsana, likita ya ce olsa ce da ciwon damuwa ya ɗora ni a kan magani. Yaya ya daina fita majalisa, ya daina haɗa ido da ni, ni ma haka, muna gida ɗaya kowa na ganin laifinshi a fuskar ɗan uwanshi. Mama ce ta ce kwanciya ba ta biyan haƙƙi, ku tashi ku je. Kawu ya ɗauke mu ni da Yaya muka bi ta Mashi muka shiga Daura da hantsi. Mun same shi a wata 'yar rumfa a bakin titi da teburi da akwatin kayan gyara, ba shago ba. Ya ga Kawu ya miƙe ya durƙusa ya gaishe shi kamar babu abin da ya faru, wannan ya fi duka ciwo. Na lura in ana magana sai ya juyo da kunnen dama. Kawu ya faɗi abin da dattijon ya ce, Yaya ya durƙusa a cikin ƙasa yana kuka mutane na wucewa suna kallo. Ya ɗaga shi ya ce, "Na yafe Yaya, Kawu na yafe, ko don Baba." Sannan ya kalle ni, karo na farko, ya ce, "Abu ɗaya nake so in sani, me kika gani a wurina?" Na so in ce shaiɗan ne, na so in ce ruɗin maraici ne, amma na ga in na sake yi mashi ƙarya a nan ban da sauran mutunci, sai na gaya mashi komai, littafin, sakatariyar, maganin, takardar da na rubuta. Ya daɗe yana juya wata 'yar sukundireba a hannu, ya ce, "Wato maganin Baba ne ya ja mani." Kawu ya gyara murya ya fara kawo zancen ko za a gyara abin da ya ɓaci, ya ce a'a Kawu, a bar shi haka, zuciya ba ta da ƙashi. Shekarar da ta biyo ya auri wata 'yar Daura, na ji suna zaune lafiya kuma ina yi masu addu'a da gaske.

An janye yajin aiki 14 ga Oktoba, wata takwas cif, aikin malaminmu na nan yana jira. Na so in canza littafi, sai na ga gudu ne, na sake ɗauko shi na karanta daga farko da rana tsaka. Abubuwan da ban gani ba a karatun farko suka fito fili. Ɗan aiken da aka danna wa kai a bokiti ko suna marubucin bai ba shi ba, ba uwa ba mata ba wanda ke jiranshi a gida, shafi biyu aka gama da shi, babi na gaba jarumin na ɗakin otal da wata mace tana shafa tabon da ke kafaɗarshi yana ba ta labarin yadda aikin ke hana shi barci, mai karatu ya koma tausayin mai dukan ya manta da wanda aka daka. Soyayyar jarumin sabulu ce da ake wanke mashi hannu da ita duk bayan ya zubar da jini. Kuma a littafin gaba ɗaya ba a taɓa kama wanda ba shi ba ne, duk wanda aka azabtar mai laifi ne kuma gaskiya yake faɗa, alhali ni na ji daga bakin wanda aka yi wa cewa har shanun ƙarya mutum ke ƙirƙira, na kuma san wanda aka fasa wa kunne yana faɗin gaskiya ba a yarda ba. Yaron da jarumin ya bari aka kashe, wanda na rubuta daidai ne a gefenshi, dubun da aka ce an tsirar da ranshi ba a nuna ko ɗaya ba, shugaban ne kawai ya faɗa kowa ya yarda har da ni.

Ban ɗora wa littafin laifina ba, mutane da yawa sun karanta irinshi sun rufe sun yi barci. Ni na je mashi da ciwo a buɗe ina neman wanda zai biya, shi kuma ya ba ni siffar da zan nema da izinin abin da za a yi in an same shi. Haka na rubuta a aikin, shafi goma sha huɗu ya zama, ban sa labarin gidanmu ba amma malamin ya kira ni ofis ya ce wannan rubutun ba daga karatu kaɗai ya fito ba, lafiya dai? Na ce lafiya lau Malam, sai hawaye, bai ƙara tambaya ba ya ce Allah ya sawwaƙe.

Yanzu na gama, ina koyar da Turanci a wata makarantar kuɗi a nan cikin gari, ban yi aure ba tukuna, masu zuwa na zuwa amma har yau in mutum ya cika kyautata mani sai na ji tsohon abin ya motsa, sai in tashi in yi alwala. In an turo bidiyon wanda aka kama a guruf ba na buɗewa, ba na kuma turawa. Hular Baba Mama ta wanke ta tana cikin akwatinta. Yaya kuma tun daga lokacin duk sanda ya samu wani abu sai ya haɗa ya aika Daura don a kai kunnen nan wurin likita a Kano, sau huɗu ana maido mashi da kuɗin ta hannun direba. Watan jiya ya sake aikawa, har da nawa albashin a ciki, wannan karon direban ya dawo hannu wofi.